Kafin Ki Ɗaga Hannu a Gaban Mawaƙa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinki Abakar, a Umbadda, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya miƙe miki hanya, Ya tsare ki daga sharrin mota da sharrin mutum da wahalar kan iyaka, Ya sauke ki Masar lafiya kamar yadda kika fita ƙofar gidan nan lafiya.

Na ba gwaggonki Asha'u ita, na ce ta cusa miki a jaka. Da na miƙa miki da hannuna, da kin buɗe ta a gabana, ni kuwa ba zan iya zama ina kallonki kina karanta ni ba. Kada ki yi dariyar rubutun. Kin san mu Hausawan nan da baki muke Hausa, ba da alƙalami ba. Ɗan abin da na iya, ɗaliban Najeriya ne suka koya mana, ni da ke, lokacin da muke neman yadda za mu rubuta baitin Hausa a ƙarƙashin nota, wato rubutun kiɗa. Na fara da Larabci, sai na ga Ustaz Abakar ne yake rubuta wa ɗalibarsa. Na yage. Ubanki ne yake son magana da ke.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yadda kika bar shi haka yake. An kira ki gidan opera ki zama mataimakiyar mai horar da kural ɗinsu, taron mawaƙan nan da ke tsayawa sahu-sahu a bayan manyan 'yan wasa. Wato aikin da na ƙarar da ƙuruciyata da tsufana a kansa shi za ki shiga, sai dai ke a wuri mai faɗi. Riƙon sandar jagorantar mawaƙa da karatun nota, waɗannan kin riga kin fi ni, ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya rage a hannuna shi ne wuraren da na yi tuntuɓe. Su zan nuna miki, ko kya ɗaga ƙafa in kin iso su.

Kin san a unguwar Mayo na tashi, bayan kakanki Malam Idi ya gaji da cirar auduga a Jazira ya dawo Hartum yana dako a kasuwa. A bayan layinmu akwai wata rumfar kara ta mutanen Kudu, cocinsu ce. Ran Lahadi in an aike ni ɗebo ruwa, sai in ajiye jarka a gindin rumfar in tsaya. Waƙa dai na san waƙa. Kakarki tana yi a bakin dutsen niƙa, ana yi a biki, ana yi a maulidi. Amma duk wadda na sani hanya ɗaya take bi, mai bayarwa ya bayar, 'yan amshi su amsa. Waɗannan kuwa mata suna sama, maza suna ƙasa, wasu suna ratsawa ta tsakiya, kowa da hanyarsa, kuma ba sa karo. Ta wata 'yar kafa a jikin karan na hango wani dogon mutum ya juya wa jama'a baya, bakinsa a rufe, hannunsa kawai ke motsi. In ya dunƙule hannu sai rumfar ta yi tsit.

A nan kakanki ya same ni wata rana. Na zaci duka zan sha. Sai ya tsaya ya saurara shi ma, sannan ya ce, "Me kake nema a nan, Abakar?" Na ce, "Baba, wancan mutumin nake kallo. Shi kaɗai ne ba ya waƙa, amma shi ake bi." Ya ce, "To, ka ji da kunnenka, ka zo ka yi sallarka. Ɗauki jarkar, uwarka na jira." Bai taɓa hana ni ba. Da na girma na samu shiga makarantar koyon kiɗa, maƙwabta suka yi ta surutu wai ɗan Malam Idi zai zama maroƙi, shi ne ya tsaya mini har suka gaji.

Ga abin da na saka masa da shi. A makarantar ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. In an tambaye ni daga ina, sai in ce daga Jazira, in ja bakina. Larabcina ya fita tas, ba mai jin Hausa a cikinsa. Ina jin irin abin da ake faɗa a kanmu in ana zaton babu namu a wurin, har in taya su dariya. Ranar da aka fara ba ni kural in jagoranta a gaban jama'a, a bikin ƙarshen shekara, kakanki ya wanke jallabiyarsa ya hau hafla, bas ɗin haya, tun daga Mayo ya zo. Ya same ni a bakin ƙofa cikin abokaina, ya ɗaga murya ya ce, "Abakar, sannu da aiki! Ina zan zauna?" Sai na ji bakina ya ce da Larabci, "Itfaddal ya Hajj, min hina," na nuna masa hanya kamar wani baƙo da ya ɓace. Ya dube ni. Ya ce, "Shukran ya Ustaz." Ya wuce ya zauna a sahun ƙarshe.

Da muka koma gida bai yi faɗa ba. Har yabo ya yi, ya ce wa kakarki hannuna ya fi na dogon mutumin nan na rumfa kyau. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, in muka haɗu a waje, a kasuwa ko a cikin hafla, da Larabci yake mini magana. Ba fushi yake yi ba. Gudun kada ya kunyata ni yake yi. Da fushin ya yi, da na san yadda zan ba shi haƙuri.

Ummi, can ma za a yi miki. Za su ji Larabcinki su yi murmushi, za su kira ki da launin fatarki kafin su riƙe sunanki, wani zai tambaye ki ko a Sudan ma akwai fiyano. Kada ki ɓoye kanki don su buɗe miki ƙofa. In an tambaye ki, ki ce ke 'yar Sudan ce, Bahaushiya, jikar mai dako, kuma a Umbadda aka wasa miki kunne. Mai raina ki zai raina ki ko kin ɓoye ko ba ki ɓoye ba. Naki kuwa, in kika musanta shi sau ɗaya, ko ya yafe ba ya mantawa.

Malamin da ya koya mana jagoranci wani ɗan Koriya ne, gajere, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da faɗa ba. Abu guda ya nace a kai: ka ja numfashi kafin mawaƙa su ja, hannunka ya nuna musu numfashin, sautin kuwa nasu ne. Na ɗauki rabin karatun na bar rabi. Na iya hannun sosai. Amma na ɗauka sautin nawa ne, su kuma maƙogwaro ne kawai da aka ba ni aro.

Mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta da rahama, a kural na same ta, cikin 'yan alto, masu kaurin murya na ɓangaren mata. Ba ta ƙware a karatun nota ba, amma in ta ji abu sau ɗaya ya zauna. Bayan aurenmu ta ci gaba da zuwa duk da maganganun dangi. Lokacin tana da cikinki, ya tsufa, muna shirin wani taro da aka gayyaci manya da baƙi daga ofisoshin jakadanci. Muna burofa, wato gwajin waƙa, cikin zafi, fanka ta mutu, muna maimaita waƙa guda tun la'asar, sai na ji wata a alto tana sauka ƙasa da sauti a ƙarshen wani dogon layi. Na tsayar. Aka sake, aka kuma. Na ce, "Alto, ɗaya bayan ɗaya." Kin san abin da wannan yake nufi ga mawaƙi, a tsayar da shi shi kaɗai a gaban kowa. Na san muryar tun farko, Ummi. Ta yaya ba zan san ta ba? So nake a ga cewa Mayistiro, kamar yadda suke kirana, ba ya son kai. Da aka zo kanta ta ɗauka, numfashinta ya yanke kafin ƙarshe, ke kin tokare mata ƙirji. Na ce, "Wanda ba zai iya riƙe layin ba ya zauna ya huta, kada ya ja mana sauran." Ta zauna. Ta gyara lulluɓin tobinta, ta jira har aka tashi, muka hau hafla tare. Da muka hau kubri, gadar Nilu, za mu tsallaka Umdurman, ruwa kawai take kallo.

Ba ta koma ba. Bayan ta haife ki na ce mata wurinta yana nan, ta ce, "Bari yarinya ta yi ƙwari." Kika yi ƙwari, kika shiga makaranta, ba ta koma ba. Abin da ya fi cin raina shi ne a gida ma ta daina in ina nan. In na dawo daga aiki nakan jiyo ta tun daga lungu tana yi miki waƙa tana toya kisra, da na taɓa ƙofa sai ta yi shiru. Wata rana na ce, "Hauwa, ci gaba mana." Ta yi dariya ta ce, "Kai ba ka jin waƙa, Abakar, kuskure kake ji." Cikin wasa ta faɗa, ta miƙo mini abinci. Amma gaskiya ta faɗa.

Irin kunnen da Allah Ya ba mu, ni da ke, yana da wannan cutar. In kin ji murya ta sauka, kafin ki tsayar da ɗaki ki tambayi kanki me ya saukar da ita. Wata ba ta karya kumallo ba, wani a asibiti ya bar ɗansa ya zo, wata kuma tsoronki take ji. Abin da ya kamata in yi ranar ba wani abu ne mai wuya ba: in ce 'yan alto su raba numfashi, wasu su ja a nan wasu su ja a can, layin ya tafi ba wanda ya san an yi. Na san dabarar, tun a shekarar farko aka koya mana. In kuwa dole sai an gyara mutum, ki kira shi gefe bayan an tashi. Kuma in Allah Ya ba ki miji da 'ya'ya, ki riƙa cire kunnen aiki a bakin ƙofa tare da takalmi.

Sai shekarun nan suka zo da aka ƙi jinin a ga maza da mata a sahu ɗaya suna waƙa. Ke kina ƙarama. Ɗakunan taro suka yi ta rufe mana ƙofa, wasu mawaƙan suka tafi Saudiyya neman aiki, ni na koma koya wa yaran makaranta waƙoƙin fareti, da yamma kuma ina kaɗa wa mawaƙan biki ƙaramin fiyano. A lokacin ne na rubuta 'yar operar nan da kika sani, labarin kakana da ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya ce zai yi noman shekara ɗaya ya wuce, har ya mutu yana cewa baɗi. Ba a taɓa yin ta ba. Ba mu da dandali, ba mu da makaɗan da suka isa. Ɓangaren kural ɗin kawai muka taɓa rerawa, shi ma a tsakar gidan wani, ƙofa a rufe.

Wani baƙo da ya ji wannan ɓangaren ya karɓi kofen takardun ya tafi da su ƙasarsu a Turai. Bayan watanni sai ga gayyata: in je in yi karatun jagorancin opera, in zauna kusa da wani babban mayistiro in ga yadda ake haɗa makaɗa da mawaƙa da masu wasa a dandali ɗaya. Mahaifiyarki ta ce in tafi. Ta ce, "Ni da Ummi ba za mu mutu ba. Ga Asha'u, ga 'yan'uwana." Na ce a'a, ba zan bar iyali a wannan hali ba. Haka na gaya wa kowa, aka yi ta yaba mini. Ke ma haka kika taso kina ji, har kin taɓa ce mini kin san saboda ke na zauna. Ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. Tsoro ne ya zaunar da ni. A nan in na shiga ɗaki ana miƙewa. A can zan zama ɗalibi mai furfura a cikin yaran da suka tashi da fiyano a ɗakin uwarsu, su gane ban san abin da suka sani tun suna firamare ba. Na gwammace in zama babba a inda babu kowa.

Ban taɓa tsayawa a ramin makaɗa na gidan opera ba. Duk abin da na koya miki a kan opera, a littafi da kaset na gan shi. Don haka in kin je ki yarda ki zama ƙarama. Aikin da aka kira ki ba shi da tafi. Za ki yi watanni kina koya wa kural kalmomin Italiyanci gaɓa-gaɓa, kina buga musu fiyano har yatsunki su yi tsami. Ranar wasa kuma wani ne zai fito da baƙar kwat ya ɗaga sanda, ke kina bayan labule kina ba su alama da 'yar tocila. In aka yi kyau sunansa za a faɗa, in kural ta makara wajen shiga ke za a nema. Kada wannan ya ci miki rai, daga bayan labulen za ki ga abin da mai kujerar gaba bai taɓa gani ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, tun kina sabuwa, lokacin da ba mai ganin laifin tambayarki. Kuma ki sayi rigar sanyi da zarar kin sauka. An ce sanyinsu yana shiga ƙashi, ke kuwa maƙogwaronki irin na mahaifiyarki ne, ba ya son iska.

Da abubuwa suka ɗan sassauta muka sake tara kural, wadda kika tashi a cikinta. Waɗannan su ne shekarun da mutane ke tunawa in an ambaci sunana. Waƙoƙin Nuba da na Beja da na Fur da namu na Hausa, wanda na sa a makare bayan kakanki ba ya nan, duka a murya huɗu, ɗaki cike har bakin taga. Amma ki tuna inda nake nufa in an tashi daga burofa. Su sukan gangara wurin mai shayin nan ta bakin Nilu, su jera kujerun roba, a yi ta shan gahawar jabana da cin zalabiya da dariya har magariba. Ni kuwa sai in tattara takarduna in wuce tasha. A ganina in na zauna da su na yi wasa da su, gobe in na ɗaga hannu ba za su ji tsorona ba.

Baffanki Tijjani ne kaɗai yake iya tare ni. Kin san ba jini ya haɗa mu ba, makaranta ce, kuma shi ne ginshiƙin masu muryar ƙasa tun kafin a haife ki. Yakan riƙo hannun rigata ya ce, "Ya Mayistiro, zo ka sha shayi, ba za mu gaya wa kowa kana da maƙogwaro ba." In ce masa wata rana. Ya ce, "Abakar, wallahi mutanen nan suna son ka, kai ne ba ka bari." In yi dariya in zare hannuna.

Ranar da mahaifiyarki ta rasu sun zo gaba ɗayansu, suka cika layinmu, matan suka karɓi girki, mazan suka kafa rumfa. Ina zaune ina karɓar gaisuwa sai na lura da wani abu. Kowane ɗayansu na san iyakar muryarsa, inda take kaiwa a sama da inda take karyewa. Amma ban da na Tijjani, ban san sunan ɗan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban san wa ke haya, wa ke gidan gado ba. Na ce in an share makoki zan gyara. Aka share, na koma yadda nake.

Sai yaƙi ya zo. Ba sai na ba ki labarinsa ba, tare muka kwanta a ƙarƙashin gado. Kin kuma san da motar da 'yan kural suka samu a makonnin farko za ta fitar da su zuwa garin Kosti. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda muka yi da Tijjani ranar da waya ta ɗan kama. Ya ce an tanadar mana wuri ni da ke. Na ce, "Su wa suka tanada?" Ya ce, "Mu mana, a guruf ɗinmu aka shirya." Na ce, "Wane guruf?" Sai ya bayyana mini. Ashe shekara da shekaru suna da zaurensu a waya, a nan suke sanar da haihuwa da rasuwa, a nan suke agaza wa wanda ya shiga matsala. Kowa yana ciki, har ke. Ya ce, "Ba don wani abu ba ne, Abakar. Mun ɗauka ba za ka so surutunmu ba." Gaskiyarsu. Ni na koya musu haka.

Na ce masa ba zan bar gida ba saboda fiyano da takarduna, haka kuma na gaya miki. Zuciya ce ta hau ni. Fushin yaro na yi, ina tsoho, a tsakiyar harbi. Ke kuma kika biya, don kin ƙi tafiya ki bar ni, kika sha yunwa da tsoron da ba sai kin sha ba. Ki yafe mini wannan, ya fi sauran nauyi a wuyana. Fiyanon da na tsaya gadi, kin ga yadda aka yi da shi a gabanmu. Tijjani kuwa ciwon sukarinsa ya tashi a can, babu magani, ya rasu. Daga bakinki na ji, don a zauren aka sanar.

Aikin nan dama na kaɗaici ne. Kina tsaye kin juya wa masu kallo baya, waɗanda ke gabanki kuwa kowa yana jin kafaɗar na kusa da shi, ke ce kawai ba ki da na kusa. Wannan babu makawa, amma yana ƙarewa da zarar kin sauke hannu. Wanda ya biyo ni har gida, ni na gina shi da kaina. In an ce ki zo shan shayi ki je, ko kin gaji. Ki san sunan 'ya'yansu. In kin yi kuskure ki ce kuskurenki ne, ki bari su yi dariya. Tsoro yana sa mutum ya shiga a daidai lokaci, amma ba ya sa shi ya buɗe maƙogwaronsa. Mutanenmu da suka warwatsu da yawa suna can Masar, ki neme su. Matar Tijjani tana wurin ɗanta, ki je ki gaishe ta ki durƙusa, ki ce in ji Abakar. Ki ce kunya ce ta hana shi kira, ba mantuwa ba.

Saura magana ɗaya. Shekaranjiya kin zo kin zauna a bakin gadona kin ce, "Baba, in ka ce in zauna zan zauna, gidan opera ba zai gudu ba." Na juya fuska na ce ki je ki ƙarasa haɗa kaya, kika fita kina ganin ban damu ba. Na damu, Ummi. Gidan nan in kin fita babu mai motsi a cikinsa sai ni.

Tun ranar da bam ɗin nan ya faɗo a bayan gidanmu ya tsaga katanga, kunnena na hagu ya mutu, na dama kuma yana bin sa a hankali. Likitan da na ce miki na je wurinsa don hawan jini, na kunne ne. Ya ce ba ya dawowa. Kin lura ina sa ki maimaita magana, kika ɗauka hankalina ne yake tafiya wani wuri. Da na faɗa miki kina gida, da kin kwance kayanki. Wataƙila ɓoye miki ɗin ma kuskure ne, ki haɗa shi da sauran, amma shi ban yi nadamarsa ba.

Ran Juma'ar nan da kika tara 'yan tsirarun da suka dawo a filin makaranta kuka yi waƙar ban kwana, ina tsaye a baya. Da kika tambaye ni yaya, na ce ba laifi, na ga ranki ya ɓaci. Ban ji ba ne. Wani gunji kawai nake ji, kamar mota a nesa. Amma na gani. Na ga kafaɗunsu sun tashi tare lokacin da kika ja numfashi. Ba takarda suke kallo ba, ke suke kallo, kuma ba da irin idon da aka saba kallona ba. Wanda ake wa wannan kallon ba ya zama a Umbadda yana maimaita wa kurma magana.

Kada ki juyo saboda takardar nan. Gwaggonki ta ce in koma wurinta a unguwar Alhilla Kuku, kuma na ce mata to. Jikokinta suna da surutun da ko ni ina ji. In za ki kira, ki kira ta bidiyo, ki sa fuskarki a haske ki yi magana a hankali, na fara iya karanta baki. In kuma ranar ta zo da aka miƙa miki sanda, ko da ƙaramin wasa ne, ki sa wani ya ɗauka mini. Amma ya tsaya ta gefen mawaƙa, don daga wurin masu kallo bayanki kawai zan gani. Hannunki nake so in gani da fuskarki. Sauran zan cika da kaina.

Ki riƙe sallarki ko a bayan labule ne. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki zama mutumiyar kirki a wurinsu. Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifiyarki da kakanninki da Baffa Tijjani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki,
Abakar